Riga ta Goma Sha Takwas

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe tara na safe

Jiya aka binne mai aski. A hanyar dawowa kowa cewa yake ciwon ciki ne, har ɗansa, wanda da hannunsa ya kawo mini takardar asibitin na karanta masa. Na shigo gida na janyo kwalin takalmi daga ƙarƙashin gado, na zaro farin kati na rubuta: namiji, shekara sittin da ɗaya, ciwon daji na hanji, gida mai lamba shida.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina wannan aiki a ɗakin ajiyar bayanai na asibitin garin nan. Farin kati na maza, rawaya na mata. Dokata ɗaya ce, ban taɓa karya ta ba: ba na buɗe wa mutum kati sai na ga sakamakon gwaji da hatimi a kansa. Ji-ta-ji-ta ba ta shiga kwalina. Da na yi ritaya suka kwashe katunan suka ɗura a buhu, wai zamanin kwamfuta ne. Rahoton da na rubuta musu, shafi sittin, da idona na ga an tokare ƙafar tebur da shi. Na unguwarmu kaɗai na kwafo, na ci gaba don kaina. Ba wuya, tunda duk wanda aka ba takardar asibiti wurina yake kawowa.

Da na mai aski, farare goma sha huɗu, rawaya takwas. Abin da rahotona ya faɗa ke nan tun farko: a nan ciwon daji maza ya fi ci.

Layinmu gida tara ne. Takwas suna da kati.

Laraba, 4 ga wata, bayan azahar

Sau bakwai na shiga banɗaki tun safe. In tsaya, in jira, kamar mai jiran ruwan famfo. Wata na uku ke nan.

Na koma ɗakin ɗinkin matata na zauna, don a nan fanka take. Shekara ashirin da shida tana yi wa matan unguwa ɗinki a wannan ɗaki, ban taɓa zama a ciki har na kalle shi ba. A jikin bangon baya akwai sandar ƙarfe, rataye da rigunan mata waɗanda ba a zo karɓa ba. Wasu har sun koɗe a kafaɗa. In fanka ta juyo kansu sai su ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya, in ta wuce su sauke. Na ƙirga su, hannu ya saba. Goma sha bakwai.

Ba ta ɗago daga kan keke ba ta ce, "Malam Ƙididdiga, su ma kati za ka buɗe musu?"

Na ce, "Masu su mantawa suka yi?"

"Ba su manta ba."

Ta cije zare ta ci gaba da taka keke.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je asibiti wurin Dogo. Ni na koya masa yadda ake jera fayil, yau shi ne a kujerata, da kwamfuta a gabansa a lulluɓe da zane saboda babu wuta.

"Maigida da kansa. Rahoton ka biyo?"

Na ce masa tebur ya fi ni bukatarsa. Na faɗi abin da ya kawo ni.

Likitan wannan ciwo ba a garin nan yake ba. Sau ɗaya yake zuwa duk wata biyu, ya ga mutum ashirin, ya shiga mota ya koma. Zai zo ranar 17. Dogo ya ce jerin ya cika tun makon jiya. Ya bar ni a tsaye har ya gama shan shayinsa, sannan ya buɗe aljihun tebur ya miƙo mini 'yar takarda mai lamba ashirin.

"Ita kaɗai ta rage, ta wani ce da bai kai ba. Kada ka dawo mini da maganar ɗan'uwa ko maƙwabci, babu ta biyu."

Wurin suna babu komai. Ya ce in cike da kaina, tunda na fi shi iya rubutu. Ya tura ni aka ɗibi jini.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Dutsen guga ya suɓuce wa matata ya faɗi. Na ji ƙarar daga ɗaki. Da na leƙa tana tsaye ta manne hannun hagu a jikinta.

"Hammatata ce ta ɗan kumbura, Malam. Da nan gefen."

Ba ta nuna wurin ba, ni ma ban kalla ba. Na ce keke ne, wanda ya yini yana jan yadi dole hannu ya yi tsami. Na ce ta shafa man zafi.

Ta ce to.

Lahadi, 8 ga wata, da hantsi

Banɗaki sau tara jiya.

Litinin, 9 ga wata, bayan la'asar

Auta ta kira daga garin mijinta. Ashe sun yi magana da uwarta.

"Baba, an ce ka samo takardar ganin likita."

"Na samo."

"Ka ba Mama."

Na yi mata bayani a hankali, yadda na saba yi wa waɗanda ba su yi wannan karatu ba. A unguwar nan, cikin shekara ashirin, maza goma sha huɗu, mata takwas. A layinmu, biyar da uku. Ni na haura saba'in, wata uku ina fama. Uwarta ba ta kai sittin ba, kwana biyu ke nan da ta yi ƙorafi. Duk wanda ya san lissafi ya san wanda ya kamata ya zauna a gaban likita.

"Kwana biyu ta ce maka?"

"Kwana biyu da na ji."

"Baba, Mama ba kati ba ce."

Na ce mata da ba don katin nan ba, da ba ta yi makarantar da take mini wannan magana da ita ba. Ta ce a gaida gida. Ta kashe.

Duk haka suke. Likitan da ya karanta shafi uku na rahotona ma cewa ya yi adadin mata ya yi kaɗan, da wuya haka ne. Na ce masa ni abin da na gani da hatimi na rubuta. Ya yi murmushi irin na wanda ya yi karatu a waje.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Na sake zama ɗakin ɗinki don fanka. Na ƙirga rigunan.

Goma sha takwas.

Na sake daga ɗaya gefen. Goma sha takwas. Ba wadda ta shigo da ɗinki jiya, ina ƙofar gida yini guda. Sabuwar tana can ƙarshe, shuɗiya mai ƙananan furanni farare. Ba ta koɗe ba. Ina jin na san yadin.

Akwai irinsa da yawa a kasuwa.

Alhamis, 12 ga wata, da safe

Na rubuta sunana a takardar Dogo. Da biro.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe wa kaina farin kati, da fensir, tunda babu hatimi tukuna. Namiji, shekara saba'in da biyu, mafitsara, gida mai lamba tara. Da na sa shi a kwali sai na ji wani irin sakayau. Layi ya cika, gida tara, kati tara. Maza goma sha biyar. Ko ba komai, zan tafi na tabbatar da shafi sittin ɗin nan da jikina, in ga bakin da zai ce adadin bai yi ba.

Matata ta shigo ta same ni da kwalin. Da hannun dama take ɗauke da tire, na hagu yana manne.

"Ka sha shayinka kafin ka gama mutuwa, zai huce."

Na tambaye ta man zafin. Ta ce yana aiki.

Lahadi, 15 ga wata, bayan azahar

Keke ya canza sauti. Da can dogon zango take yi, sai ta kai ƙarshen yadi. Yanzu taku kaɗan, ta tsaya. Taku kaɗan, ta tsaya. A cikin tsayawar ba a jin komai a gidan sai fanka, da hangogin da aka rataye rigunan suna taɓa juna.

Ban shiga ba yau.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ita ta goge mini kaya, ban san yadda ta yi ba. Ta rako ni har ƙofa ta ce Allah ya sa a ji alheri.

A benci mu ashirin ne. Na ƙirga: maza goma sha biyar, mata biyar. Na ji daɗi a raina, kamar an sa mini hannu a rahoto. A waje kuma, gindin bishiyar bakin ƙofa, mata ne zaune da kwanukan abinci da flas, suna jiran mazansu. Ta taga nake ganinsu. Ɗaya ta tashi za ta ɗauki flas, sai ta sauya hannu. Ta manne na hagu a jikinta. Na kawar da kai.

Ni ne na ƙarshe. Likitan ya duba sakamakon jini, ya duba ni yadda ba zan rubuta ba, ya wanke hannu.

"Baba, tsufa ne. Kumburi ne irin na shekaru, ba abin da kake tsoro ba. Ga magani, cikin mako biyu za ka ji sauƙi."

Na ce ya sake dubawa. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa ganin wanda aka yi wa albishir ya nemi ɗaukaka ƙara ba.

Yana haɗa jakarsa, don kawai in ce wani abu, na ce matata ma tana ɗan fama da hammata. Hannunsa ya tsaya a kan zif.

"Wane gefe? Tun yaushe? Akwai ƙullutu? Fatar wurin ta canza?"

Na ce hagu. Sauran ban sani ba.

"Tana waje?"

"Tana gida."

Ya kalli takardar mai lamba ashirin, ya kalle ni. Direbansa ya leƙo ya ce rana tana yi. Likitan ya ce kada a jira dawowarsa, a kai ta babban asibiti cikin makon nan. Ya maimaita: cikin makon nan.

Da na dawo na gaya mata tsufa ne kawai. Ta zauna a bakin gado ta yi ta hamdala, har da hawaye. Da gaske take murna. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 18 ga wata, da safe

Na goge katin. Fensir yana gogewa, amma wurin ya nuna.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Ta tafi gaishe da matar mai aski. Na shiga ɗakin ɗinki na kashe fanka, don ba na son su riƙa motsi. A aljihun keke littafin awonta yake, mai baƙin bango, ya kumbura da tsufa. Ban taɓa buɗe shi ba. Me mai shafi sittin zai koya a littafin tela?

Kowace mace da shafinta. Kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hannu, da baƙin biro. A wasu shafukan, ƙarƙashin baƙin, akwai sabon awo da jan biro. "A buɗa hammatar hagu, inci biyu." Bayan wata uku: "A ƙara inci ɗaya." Bayan nan: "A sa auduga a dama, su daidaita." Ko: "Yadi mai laushi a ciki, wurin yana ruwa." Daga nan sai layi ɗaya daga sama har ƙasa, da kwanan wata.

Matar direban nan na unguwarmu. Na tuna an ce hawan jini. Malamar makaranta ta gida na huɗu, an ce iska ce ta shafe ta. Ƙanwar mai shago, an ce ta je gida hutawa. Wasu ƙirji ne, wasu kuwa "a saki ƙugu, ciki ya tashi, ba juna biyu ba." Na je jana'izar kusan dukkansu. Na tsaya a sahu da kwalina a ƙarƙashin gado, ban buɗe wa ko ɗaya kati ba, don ba wadda aka kawo mini takardarta. Ba wadda aka kai.

Shafuka masu layi goma sha bakwai.

Shafin ƙarshe babu suna, "Ni" kawai ta rubuta. Jan biro na farko wata bakwai ke nan. Akwai na biyu. Akwai na uku, ranar 10 ga watan nan.

Yadin shuɗin ni na saya mata, shekarar da na yi ritaya.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na ajiye littafin a kan keke a gabanta. Ta kalle shi, ta ci gaba da zura zare. Sau uku tana kuskure ramin allura.

"Wata bakwai," na ce.

"Ashe ka iya karatun jan biro."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa. Ka ce keke ne."

"Kafin nan."

"Kafin nan kana banɗaki, Malam."

Na ce tana kallo na rubuta sunana a takardar nan, ba ta ce uffan ba. Ta ce duk matan da ke cikin littafin haka suka yi, a kai maigida tukuna, a kai yaro tukuna, ita sai an samu sarari. Ba sa iya buɗe wa likita namiji, ba sa iya gaya wa miji, amma riga in ta matse dole a kawo wa tela. Ta ce ita suke buɗe wa. Ta ga na matar direba da idonta, ta san yadda yake farawa, ta san yadda yake ƙarewa.

"Kin san ina tara adadin nan shekara ashirin. A gida ɗaya muke. Ko sau ɗaya ba ki ce mini—"

"Na taɓa gaya maka na malamar makaranta. Ka ce ina hatimi."

Na tuna. Ina cin abinci lokacin. Ban ko ɗago ba.

Na tambaye ta dalilin da ta bar rigunan a rataye. Ta ce kowacce an kawo gyara na ƙarshe ne, ta gama, mai ita ba ta dawo ba. In ta aika gidan, sai su tambayi abin da ya sa gefe ɗaya ya fi ɗaya, ita kuma an ba ta amana.

"Taki fa, me take yi a cikinsu?"

"Sanda ɗaya ce a ɗakin."

Alhamis, bayan la'asar

Na cire shuɗiyar na kai ɗakina, na rataye ta cikin kayana. Goma sha bakwai.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Goma sha takwas. Ban ji shigarta ɗakina ba. Ban tambaya ba.

Juma'a, ƙarfe ɗaya saura

Wurin Dogo. Na shirya jin baƙar magana, na ma so in ji ta. Da na faɗa masa sai ya tashi ya ba ni kujerarsa, tawa ta da. Ya zaga da kansa ya samo wasiƙar turawa babban asibiti.

"Maigida, da ka ce Hajiya ce ai da..."

Bai ƙarasa ba. Teburin ya girgiza da na dafa shi. Na sunkuya na ga rahoton yana nan, ya baje, ya yi baƙi. Na ƙara tura shi ciki da ƙafa. A nan ya fi amfani.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Mun je jiya, mun dawo yau. Awa huɗu a mota tana rungume da hannun. Auta ta same mu a can, ta gaishe ni kamar yadda ake gaishe da maƙwabci. Ita ta shiga da uwarta. Mace ce ta duba ta. Da suka fito likitar ta tambaya ko ni ne mijin, na ce ni ne. Ta ce, "Wata bakwai." Ba tambaya ba ce.

Sun yanki ɗan nama. Sakamako sai bayan mako biyu. Zai zo da hatimi.

Laraba, 25 ga wata, da hantsi

Sau uku kacal jiya. Maganin yana aiki. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 26 ga wata, bayan azahar

Na roƙe ta aron littafin. Ta ce ban da suna, an ba ta amana. Na ce shekaru da lambar gida sun ishe ni.

Tun safe nake rubutu. Rawayen katunan da na ajiye sun manne da juna don daɗewa, sai da na riƙa ɓamɓare su da wuƙa. A wurin hatimi na rubuta "awon tela". Goma sha bakwai. Da takwas na da, ashirin da biyar. Maza goma sha huɗu.

Shekara talatin da ɗaya ina ƙirga waɗanda aka kai, ina cewa waɗanda suka kamu.

Kati ɗaya rawaya marar rubutu ya rage a kwalin. Na mayar da murfi.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe tara na safe

Keke bai yi motsi ba tun da muka dawo. Yau ta kira ni ɗakin ɗinki. Fanka a kunne, suna ta ɗaga hannu. Ta sauko da shuɗiyar ta shimfiɗa a kan tebur, ta buɗe littafin a shafin ƙarshe.

"Ranar karɓo sakamako ita zan sa. Ba ta shiga da bandejin nan. Hannun ba ya ɗaguwa in auna kaina, zo ka riƙe."

Ta miƙo mini tef ɗin awo. Ban taɓa riƙe shi ba. Ta nuna mini inda zan ɗora, daga kafaɗa a zagayo ta ƙarƙashin hammata. Wurin da zafi, kuma da tauri, ta cikin riga ma ana ji.

"Kada ka ja, kada ka saki. Nawa?"

Na duba awon ranar 10 ga wata a littafin. Na duba tef. Na ce kusan ɗaya ne.

"Malam Ƙididdiga, ban tambaye ka kusan ba. Faɗi abin da ka gani."

Na faɗa. Inci ɗaya da rabi ya ƙaru.

Ta miƙo mini jan biron, ta ce rubutuna ya fi kyau. Na rubuta.